Rasuwar Gwaggo, da Faifan Sulemana a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba mu ga amfanin ɓoye shi ba, iyalan Baba Chollom na Longsight, Manchester, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan da na Birmingham rasuwar na'urar gem ɗinsu, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta wuce, bayan an taso daga coci, a kan kantar da ke ƙarƙashin talabijin, inda ta shekara goma sha wani abu ba ta taɓa neman a canja mata wuri ba. Ta rasu bayan doguwar jinya. Ta kuma rasu da kayan mutane a cikinta, wato faifan ƙwallo na Malam Sulemana na Lozells, Birmingham, aminin maigidan, wanda ya shiga bakinta bai fito ba har yau.

A riƙe maganar faifan nan da kyau. Ita ta hana a kai gawa makwancinta, domin rabon mai faifan da gidan nan an fi shekara, kuma Baba Chollom yana tsoron abin da ya mutu ranar Lahadi ya wuce na'ura.

Ba mu san garin da aka haifi marigayiya ba. Abin da muka sani shi ne ta fara zama a hannun wani ɗalibi da bai san darajarta ba, ya kai ta shagon kayan hannu a Bristol Road, Birmingham. A can Chollom ya gan ta, lokacin yana sabon zuwa daga Bukuru, ya baro matarsa Catherine da ɗansu Jedidiah a gida kafin takardu su fito. Yana zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka a Selly Oak, da mutanen da in ka gaishe su sai su dube ka kamar ka roƙe su wani abu. Ya ɗauko ta a ƙarƙashin rigar sanyi don kada ruwan sama ya taɓa ta. Daga ranar ya daina magana da bango.

Ita ce kuma ta samo masa aboki. Wata rana Sulemana, ɗan zangon Kumasi, wanda a lokacin yake kai wa mutane kaya gida-gida, ya tsaya a ƙofar gidan da kwali a hannu. Sai ya ji ta taga wani yana zagin gola da Hausa, yana kiransa ɗan banza mai hannun lalle. Sulemana ya leƙa, ya kalli wasan na ɗan lokaci, ya ce gola ba shi da laifi, mai riƙe da pad, wato abin danne-dannen wasan, shi ne bai iya ba. Ya ajiye kwalin mutane, ya karɓi pad na biyu, ya yi wa Chollom cin kaca, har sai da aka bugo daga wurin aiki ana tambayar abin da ya sa motar kayan ta kafe a titi ɗaya. Bai yi wata ba ya sayi tasa na'urar irin ta, wadda daga baya aka riƙa kira Ƙanwar Gwaggo.

Sunan Gwaggo kuwa Catherine ce ta raɗa, bayan ta iso, Chollom ya samu aikin tura gadajen marasa lafiya a asibiti a Oxford Road, suka koma Manchester. Ta ce ta tarar da wata ta riga ta zama a falo, ta kama wuri mafi kyau, tana ta gunaguni ita kaɗai, kuma ba damar a tambaye ta yaushe za ta koma garinsu. Wannan ai gwaggo ce.

Da tazara ta shiga tsakanin aminan biyu, sai suka kafa ƙa'idar aron faifai, kuma duk wanda ya san gidajen nan biyu ya san ta. Faifai ba a sa shi a post. Ba a ba wani saƙonsa. Wanda ya ara shi zai mayar da ƙafarsa, kuma ba ya zuwa hannu rabbana, tunda kwanon da aka kawo maka abinci ba a mayar da shi wayam. In daga Birmingham ne, faifai zai zo da kular waakye, shinkafa da waken nan nasu na Gana, da kwalbar shito ta Safia, matar Sulemana, yajin nan mai sa mutum hawaye yana ƙara loma. In daga Manchester ne, zai tafi da gwaten acca na Catherine. Wanda ya mayar da faifai kuma ba ya tashi sai an cusa masa wani a jaka, ko yana so ko ba ya so, don kada igiyar ta tsinke. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya ce ya yi kewar ɗan'uwansa. Namijin Bukuru da namijin Zango ba sa irin wannan magana. Sai dai a buga waya a ce faifanka yana wurina, ina tafe ran Asabar.

Halayen marigayiya ba sa ƙirguwa, amma za mu faɗi waɗanda suka fi ci mana rai.

Ba ta da roƙo. Tunda aka saye ta aka gama, ba ta taɓa tashi a ƙarshen wata ta miƙo hannu ba. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba, ba zai gane girman wannan ba. Flat na haya, mota ta finance, waya ta contract, hatta kujerar falon nan sai da aka yi shekara ana cirewa daga albashi. A duk abin da ke gidan, Gwaggo da faifanta ne kaɗai Baba Chollom yake iya ɗora wa hannu ya ce nawa ne, ba tare da wani kamfani ya yi tari ba.

Ba ruwanta da Wi-Fi. Ran da intanet ya ɗauke a layin gaba ɗaya, maƙwabta suka fito bakin ƙofa suna kallon sama kamar masu neman wata, a gidan Chollom ana can ana bugun fanareti.

Tana da haƙuri, kuma ta san girman ibada. In la'asar ta yi ana tsakiyar wasa, Sulemana zai danna pause, ya je ya yi alwala, ya jawo dardumar da Catherine ta ajiye masa a bayan kujera, ya yi sallarsa a tsanake. Gwaggo za ta riƙe ƙwallo a sama, ɗan wasa da ƙafa ɗaya a ɗage, ba ta gajiya, ba ta tsaki, har ya sallame ya gama addu'a. Haka in ya kwana ya wayi gari Lahadi, shi da ita za su zauna su jira a taso daga coci, ba mai taɓa wasan da aka bari.

Muryarta tana kunnenmu. In aka taɓa ta da safe sai ta ce ɗit, sau ɗaya, gaisuwar mai mutunci. In aka ba ta faifai sai ta ja shi a hankali, suuu, ta ɗan yi ƙwas-ƙwas kamar tsohuwa na gyara zama, sannan ta kama gurrr ɗinta. Ba mu ce ba ta da aibi ba. In wasa ya yi zafi fankarta takan yi ƙara har Catherine ta leƙo daga kicin ta tambaya ko markaɗe aka buɗe a falo. Takan kuma ƙi faifai in ya yi datti, sai an hura masa iskar baki an goge da gefen riga. To, wannan ai tsabta ce.

Yanzu sai maganar waɗanda suka kashe ta, don ba za mu ce tsufa ne kawai ba.

Wasu kamfanoni ne suka zauna suka ga cewa mutum ya sayi abu sau ɗaya ya mallake shi, wannan asara ce a wurinsu. Sai suka fito da abin da suke kira cloud. Ga wanda Allah ya tsare bai sani ba: gem ɗin yana can cikin kwamfutocinsu a wata ƙasa, kai hotonsa kawai ake turo maka ta intanet, kana biyan subscription duk wata. Ba faifai, ba kwali, ba abin da za ka riƙe, balle ka ba wani aro. Ran da ka daina biya an rufe ƙofa. Ran da suka ga dama su cire gem ɗin da kake so, ko kana biya, sun cire. Suna kiran wannan 'yanci, wai ɗaruruwan gem a hannunka. Hannun wa? Mutanen da suka riga mu sun gama magana tun da suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, muna roƙon Allah ya sa takalmin ƙafarsa ma ya koma na wata-wata, a karɓe shi yana tsakiyar titi ran da ake ruwa.

Amma da ɗan gari akan ci gari. Jedidiah, ɗan gidan nan, wanda Gwaggo ta rena tun yana kasa riƙe pad da hannu ɗaya, shi ya tafi uni a Birmingham, ya kama ɗaki a Selly Oak ɗin da ubansa ya baro. Yana zuwa Lozells cin abincin Anti Safia. Maimakon ya ci ya wanke kwano ya yi godiya, sai ya ɗauki remote ya saka wa Kawu Sulemana cloud a talabijin, yana gaya masa da Turancinsa na Manchester wai zamanin faifai ya wuce. Sulemana kuwa, mutumin da muke gani da hankali, ya ga gem rututu a allo, ido ya rufe. Kafin wata ya ƙare ya zuba Ƙanwar Gwaggo da faifanta duka a baƙar leda ya kai charity shop, shagon da ake ba tsofaffin kaya sadaka, wai Safia tana son wurin.

Faifai ɗaya ne ya tsira, na ƙwallon nan, saboda yana Manchester a hannun aro. Baba Chollom bai san abin da ya faru ba. Ya buga waya yadda aka saba, ya ce faifanka yana wurina, ina tafe ran Asabar, har Catherine ta jiƙa acca. Sulemana ya yi dariya ya ce haba mutumina, kada ya wahalar da kansa a babbar hanyar M6 saboda faifai ɗaya, ya riƙe kawai, ya bar masa kyauta.

Chollom ya yi godiya, tunda kyauta aka ce, kuma shi ɗan mutunci ne. Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon kwalin faifan. Catherine ta ce ranar ko gwaten bai taɓa ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona shi shi ne ba laifin da zai kama. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba. An dai karɓe masa dalilin zuwa ne, cikin fara'a, kuma shi bai iya zuwa gidan mutum ba dalili ba. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar namiji irin Chollom sai an ba ta abin kaiwa.

Kada a ce bai gwada sabon tsarin ba. Da Jedidiah ya zo hutu ya saka masa, ya ɗaura masa abin ji a kunne, ya ce yanzu zai buga da Kawu kullum ba sai an hau coach, doguwar bas ɗin nan, ba. Aka fara. Chollom zai danna a buga ƙwallo, ɗan wasan ya tsaya yana shawara da iyayen gidansa na ƙasar waje, kafin ya ɗaga ƙafa an ƙwace. Muryar Sulemana tana zuwa guntu-guntu, rabin tsokana ta iso, rabi ta maƙale a hanya. Ba waakye, ba shito, ba wanda zai buge ka a kafaɗa in ya ci ka. Da la'asar ta yi Sulemana ya tashi salla. Cloud bai san salla ba. Ya ga mutum ya daina motsi, ya fitar da shi, ya ba wani wurinsa. Kafin ya sallame an haɗa Baba Chollom, dattijo mai furfura a gemu, usher mai zaunar da jama'a a cocinsu, da wani mara kunya daga ko'ina ne oho, yana zagin mahaifiyarsa da ke kwance a kabari a Bukuru. Bayan ɗan lokaci kuma sai ga sanarwa mai ladabi a allo, wai gem ɗin ƙwallon da suka saba zai bar jerin nasu a ƙarshen wata, suna godiya da fahimta. Wa ya gaya musu an fahimta?

Tun daga nan abin da ya rage tsakanin Longsight da Lozells shi ne sticker. Ran Juma'a Chollom ya tura hoton masallaci da fure, ran Lahadi Sulemana ya turo Happy Sunday da hoton kurciya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kwano ɗaya.

A nan ciwon Gwaggo ya soma. Baba Chollom ya koma gare ta, in ya dawo daga aiki ya saka faifan Sulemana ya buga shi kaɗai da kwamfuta, wadda ba ta iya tsokana ba. Pad na biyu ya yi ƙura, cajinsa ya ƙare. Sai ta fara neman update, wato a sabunta mata ƙwaƙwalwa, daga gidan da aka haife ta, tana kira ba a amsawa, ashe sun daɗe da rufe layin tsofaffi irinta. Gurrr ɗinta ya koma gyarrr. Takan tsaya cak a tsakiyar wasa, ba don salla ba. Aka naɗe ta a tawul aka kai ta wurin Nazir mai gyara a Rusholme, wanda shi ne likitanta tun zuwanta garin nan. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya girgiza kai, ya ce an daina yin kayan gyaranta, a kai ta gida a lallaɓa.

Ranar Lahadi, Baba Chollom ko tayen wuyansa bai kwance ba ya ba ta faifan. Ta ce ɗit. Ta ja shi, suuu, a hankali fiye da kullum. Aka jira ƙwas-ƙwas, ba a ji ba. Sai ta ce ɗit, ɗit, ɗit, fitilarta ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta ɗauke. Ya cire waya ya mayar, ya canja soket, ya hura mata iska, ya kira sunanta. Catherine ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, kuma duk da shekarun da ta yi tana yi wa marigayiya gori, ita ta ɗauko tawul ta lulluɓe ta.

Ta rasu ta bar pad biyu, ɗaya ya cinye a wurin babban yatsa, ɗaya kuma lafiyarsa ƙalau sai rashin mai riƙewa. Ta bar wayoyi a cukurkuɗe a bayan talabijin waɗanda ba wanda ya san na wane ne. Ta bar marayun faifai cike da kantar talabijin, waɗanda Jedidiah ya ce wai za su yi kyau a rataye a lambu don korar tantabaru, Allah ya shirye shi. Ƙanwarta ta riga ta tafiya, ba a san inda aka kai ta ba. Ta kuma bar Baba Chollom, wanda har yanzu in ya shigo daga aiki sai ya miƙa yatsa wajen kantar kafin ya tuna.

Ana zaman makoki a gida. Ana karɓar gaisuwa daga kowa, ban da mutum uku. Wanda zai ce ai yanzu an ci gaba, ya zauna a gidansa ya ci gaba. Wanda zai zo da labarin free trial, wato ɗanɗanon kyauta na cloud, ƙofar da ya shigo tana nan a buɗe. Wanda kuma zai yi ta'aziyya da sticker, ya sani an gani, ba za a amsa ba.

Jana'iza an sa ta ranar Asabar da hantsi, a tip na council, wato jujin hukuma, a kwandon ƙananan kayan lantarki, tsakanin tosta da ketul. Motar Catherine ce za ta ɗauki gawa. Jedidiah ne zai sauke ta da hannunsa, ya ji nauyin abin da ya aikata.

Sai dai akwai sharaɗi. Gawa ba za ta bar gidan nan da kayan wani a cikinta ba, kuma ba a buɗe ciki a ciro dukiyar mutum ba ya wurin. Baba Chollom ya ce kyautar nan bai karɓa ba, godiyar da ya yi ya janye ta. Faifai na aro ne, mai shi yana Lozells da ransa da lafiyarsa, kuma coach bai daina tashi daga Birmingham ba. In ya sauka ya hau bas ta Oxford Road, ya san sauran hanyar, sai dai in ita ma ya kai ta charity shop. Kada ya ce a sa a post. Kada ya aiko Jedidiah. Kada ya sake cewa a riƙe.

Catherine ta ce a rubuta wannan, ko da maigidan bai so ba. Nazir ya zo gaisuwa ranar Litinin, ya juya gawar ya nuna wani ɗan rami a ƙasanta, ya ce sukundireba kawai za a sa a murɗa, faifan ya fito da kansa, har ya zaro ta daga aljihu. Baba Chollom ya riƙe masa hannu ya ce ya mayar.

Saboda haka in Malam Sulemana bai zo wannan Asabar ba, an ɗaga jana'iza zuwa ta gaba, in bai zo ba a sake ɗagawa. Marigayiya ba ta wari, kuma ta saba jiransa. An sayo nama a wurin mahaucin halal da aka saba, an jiƙa acca. Darduma tana nan a bayan kujera, Catherine ta wanke ta.